Yaron da ba shi da sarki

Hausawa sun daɗe da tsarin da masu naƙasa ke riƙe junansu. A manyan birane irin su Kano akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai na kutare, kowanne da jama'arsa da mai kai kukansu fada. Sai dai wannan tsari na manya ne, masu bakin faɗin damuwarsu. Yaron da ya shekara bakwai bai iya zama ba, wuyansa bai tsaya ba, yawu na zuba, shi ba shi da sarki. Uwarsa kawai gare shi, ita ma tana ƙuryar ɗaki tana ɓoye shi kada baƙi su gani.

Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da wata naƙasa a duniya. A nan wajenmu, da yawa daga cikin masu lalurar da ke taɓa ƙwaƙwalwa ta hana gaɓoɓi aiki sun samo ta ne daga abubuwa sanannu: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da kuma shawarar jarirai. Ita shawara abin takaici ce, domin idan an kai jariri asibiti da wuri, hasken wata fitila ta musamman kan wadatar. Idan kuwa aka tsaya jiƙe-jiƙe har ta yi yawa, takan lalata ƙwaƙwalwa, ta tafi da ji. Amma a unguwa ba haka ake fassara abin ba. Cewa ake yi ɗan ruwa ne, ko aljanu sun yi musanye, ko uwar ce ta fita da tsakar rana tana da ciki. Daga nan sai yawon gidajen masu magani, a sayar da akuya, a sayar da gado, wani lokacin ma auren ya mutu.

A nan ne taron iyaye yake da ranarsa. A Ghana an gwada wani shiri da Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ta tsara tare da ƙungiyar CBM, inda iyaye ke haɗuwa sau ɗaya a wata, a koya musu ɗaukar yaro da zaunar da shi da ciyar da shi da yi masa wasa. Binciken da ya biyo baya ya nuna rayuwar masu rainon ta inganta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata horon don iyayen yaran da ke da jinkirin magana ko galahanga, wanda ba sai likita ne zai koyar ba.

Dubi ciyarwa kaɗai. Uwa ta saba kwantar da yaro a cinya, ta ɗaga haɓarsa, ta yi masa ɗura da kunu mai ruwa-ruwa. Yaron da maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, wannan kunun huhu yake zarcewa. Sai tari, sai ciwon haƙarƙari, sai rama, a yi ta kai shi kemis ba a san daga cokali matsalar take ba. A wurin taro za a nuna mata ta zaunar da shi a miƙe, kansa ya ɗan sunkuyo, kunun ya yi kauri, cokalin ya zama ƙarami, ta jira ya haɗiye kafin ta ƙara. Cin abincin zai ɗauki lokaci, amma zai zauna a ciki. Ana ma haɗa kujerar da ke tallafe bayan yaro da kwali da takarda da kokon rogo, ta bushe ta yi ƙarfi. Kuma uwar da ta ji wannan daga bakin wata uwa mai irin ɗanta ta fi saurin yarda fiye da in ma'aikaci ne ya faɗa mata a tsaye, ga layi na jiransa.

Ta fuskar hukuma, a takarda ba a bar mu a baya ba. A watan Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu naƙasa wariya. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani, ta ba masu naƙasa ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Mai ido ya duba matakalar ofisoshinmu. An kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa a 2020.

Wuraren taimako ma akwai: Asibitin Ƙashi na Dala, sassan gashin ƙashi na asibitocin koyarwa, makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi a Kano, da ta makafi a Gindiri wadda ta faro tun 1953. Ƙungiyoyin iyaye masu ƙarfi kuwa, irin Down Syndrome Foundation da Benola, a Legas suke. Matar da ke ƙauyen Jigawa, kuɗin motar zuwa gashi kowane mako ya fi ƙarfinta, ga yaro ya yi nauyin goyo.

Ni a ganina ba sai an jira wata ƙungiya daga waje ba. Matan da ke haɗuwa a layin gashin ƙashi sun riga sun san juna, kuma sun iya adashi. Abin da ya rage shi ne ɗaki a asibitin sha-ka-tafi ko Islamiyya, da ma'aikacin lafiya da zai leƙo sau ɗaya a wata, sai rukunin WhatsApp na saƙon murya don waɗanda ba sa karatu. Mai wuyar samu shi ne uba. Sai liman ko mai unguwa ya kira shi da kansa, domin izinin fitar matar da kuɗin motar duk a hannunsa suke.