Me ya sa "will" ke komawa "would" a Turanci?

Ɗaliban sakandare a Rijau da ke shirin jarrabawar WAEC ko ta NECO, hukumar da hedkwatarta ke Minna, sukan yi tuntuɓe a wuri guda: kai labarin abin da wani ya faɗa, da Turanci.

Tushen abin daga Hausa yake. Direba a tasha ya ce, "Zan tafi Kontagora." Mai kai labari sai ya ce, ya ce zai tafi, wakilin suna kawai ya canza, lokaci bai motsa ba. Turanci kuwa, da zarar an buɗe da "said", sai ƙananan kalmomin nan masu taya aikatau su ja da baya. "I will go" ya zama "He said he would go". Haka "can" ke komawa "could", "may" kuma "might". Irin su "should", "could" da "ought to" ba a taɓa su.

"Must" ce mai wuyar sha'ani. In tilas ake nufi, kamar malami ya ce dole a biya kuɗin jarrabawa, akan mayar da ita "had to". In kuwa hasashe ne, kamar ka ga mutum ya dawo daga gona ka ce "He must be tired", tana nan yadda take.

Idan da "says" aka buɗe, waɗannan kalmomi ba sa canzawa. A hira ma Turawa kan bar "will" in abin bai riga ya faru ba, amma a takardar jarrabawa "would" ce ba ta jawo gardama.