HAƊARIN KWANA DA TABARAU NA CIKIN IDO

Akwai wani irin tabarau wanda ba a rataya shi a kunne. Ɗan faifai ne na roba mai taushi, faɗinsa bai wuce na farce ba, a kan ɗora shi bisa baƙin ido. Wani masani mutumin ƙasar Cek, Otto Wichterle, shi ya ƙera mai taushin a 1961, aka fara sayar da shi a Amurka a 1971. Yanzu ya iso biranen Arewa. Masu raunin gani su kan sa shi, amare kuma su kan sa mai launi domin ado, sau da yawa ba da sanin likita ba. Ya kamata hakimai da malamansu su san haɗarin kwana da shi.

Ga yadda abin ya ke. Fatar nan garau da ta rufe baƙin ido ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Iskar da ta ke rayuwa da ita, watau oksijin, daga sarari ta ke samun ta, ta cikin hawaye. In mutum ya rufe ido ya yi barci, abin da ke isa gare ta ya kan ragu zuwa wajen sulusi. To, in kuwa ga faifai a manne, sai ɗan abin da ya rage ya ƙara raguwa. Fatar ta kumbura, hawaye ya ƙafe, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya mai ɗumi ƙarƙashin faifan. Da safe mutum ya tashi ido ja wur, yana jin kamar an zuba masa yashi, haske na soka masa, gani dishi-dishi. Ƙurar hunturu kuwa sai ta daɗa tsananta abin.

Galibi wannan ya kan lafa bayan an cire faifan. Amma wani lokaci gyambo ne ya soma. Akwai wata ƙwayar cuta, Pseudomonas, wadda ta kan cinye fatar cikin kwana ɗaya ko biyu, ta bar hakiya ko ta huda idon. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana a 2018 cewa barci da faifan ya kan ninka haɗarin kamuwa sau 6 zuwa 8. Har irin wanda a ke cewa an yi shi domin kwana bai kuɓuta sarai ba.

Wanda ya farka da shi kada ya fizge shi a bushe, gama ya kan ɗaye fatar. Sai ya wanke hannu, ya ɗiga ruwan da aka yi domin tabarau ɗin, ya yi ta ƙifta ido har faifan ya motsa, sa'an nan ya cire. Kada a wanke faifan da ruwan rijiya ko na famfo. Kada a sa kwalli, ko nono, ko maganin ɗigawa na kanti, domin waɗansunsu su kan rura gyambo.

In zafi, ko kwantsa, ko raunin gani bai ragu ba bayan 'yan sa'o'i, ko aka ga ɗigon fari a baƙin ido, lalle a nufi asibiti ran nan, a riƙe faifan da gidansa domin likita ya duba. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Ana roƙon hakimai su isad da wannan ga dagatai da masu unguwa, su kuma su isar ga masu yi wa amare kwalliya.