Kano: Kasuwa ce ta gina ta, kada kasuwa ta cinye ta

Wanda ya tashi daga Darmanawa ya hau Titin Zariya, kafin ya yi nisa zai ga abin da ke kawo baƙi Kano. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake kawo marasa lafiya daga jihohin maƙwabta har da Jamhuriyar Nijar. Ga kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni. In ya karya kwana a Gyadi-Gyadi ya shiga Titin Gidan Zu, zai tarar da filin baje koli, da ofisoshin 'yan fim, da gidan namun daji mai sunan Audu Baƙo, gwamnan farko bayan da birnin ya zama hedikwatar jiha a 1967.

Wannan hada-hada tana da tushe. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, inda fatake daga Agadas da Gadamus ke sauke gishiri da tufafin Gabas, su ɗauki ƙiraga da baƙin saƙi. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, fatauci ya juya kudu, aka shiga zamanin dalar gyaɗa. Yau Kantin Kwari ce uwar atamfa da shadda, Dawanau kuwa ta hatsi da riɗi, masu saye na zuwa daga Chadi da Kamaru.

Arzikin nan shi ya raya al'ada. Marinar Ƙofar Mata ta ɗore ne saboda Buzaye na neman rawanin da ya sha baba ya sha bugu. Hawan Sallah, da Daushe da Nassarawa, yana ciyar da baduku da maɗinki da mai sayar da harawa, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙasar da birnin ke zaune a kai. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, da jar ƙasa aka gina ta, haka ma gidajen cikin birni. Ramukan da aka haƙo ƙasar su ne suka zama kududdufai masu shanye ruwan damina. Yanzu ana cike kududdufi a yanka filoti, ana zaftare ganuwa a jera shaguna, gidaje sun hau ƙafar Dala da Goron Dutse. Ruwan da ya rasa makwanci kuwa sai ya nemi titi da kasuwa, kamar yadda ambaliya ta lalata kayan 'yan Kwari a daminar 2022.

Kano ta Dabo ba ta rasa masu hali ba. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ɗauki nauyin gyaran wani yanki na ganuwa, hukumar tsara birane ta shata iyakar ragowar kududdufai ta hana gini a kansu, makarantu kuma su riƙa kai yara Gidan Makama da kan Dala. Shago ana iya gina shi a Na'ibawa ko Ɗanbare. Ganuwar da ta shekara ɗari tara, in ta tafi, babu attajirin da zai sayo wata.