Yadda Ake Gwada Sabuwar Allurar Rigakafi: Misalin R21

Ba a amincewa da sabon magani ko allurar rigakafi sai an gwada shi a jikin mutane mataki-mataki, kuma jami'o'i suna cikin manyan masu jagorantar wannan aiki. A matakin farko ana ba wa 'yan tsirarun masu sa kai don a ga ko yana da illa, a na biyu a gwada shi a kan ɗaruruwa don a daidaita ma'auninsa, a na uku kuma a kan dubbai a wurare daban-daban don a tabbatar da amfaninsa.

Allurar R21 ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wadda Cibiyar Jenner ta Jami'ar Oxford da ke Ingila ta ƙirƙiro a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Adrian Hill, ta bi wannan hanya. Aikinta shi ne ta koya wa garkuwar jiki gane ƙwayar cutar tun lokacin da sauro ya zuba ta a cikin jini, kafin ta isa hanta inda take hayayyafa, kuma ana haɗa ta da wani sinadari mai suna Matrix-M wanda yake zaburar da garkuwar.

A shekarar 2019 aka fara mataki na biyu a Nanoro ta Burkina Faso, inda Farfesa Halidou Tinto da abokan aikinsa suka ɗauki yara 450 masu watanni 5 zuwa 17. An raba su rukuni uku ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa biyu allurar R21 da ma'aunin Matrix-M daban-daban, na uku kuma aka yi masa rigakafin ciwon cizon mahaukacin kare domin a auna sauran da shi. Hikimar ƙuri'ar ita ce kada son rai ya tara lafiyayyun yara a gefe guda. Haka nan an ɓoye wa iyaye da masu duba yaran irin allurar da kowane yaro ya samu, domin wanda ya sa rai da nasara yakan gan ta ko da babu ita. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna raguwar kamuwa da kashi 77 cikin 100 a rukunin da ya sami ma'aunin Matrix-M mafi yawa.

Mataki na uku ya ƙunshi yara kimanin 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. Inda cutar ke zuwa da damina, aka kuma yi allurar gab da lokacin, raguwar ta kai kashi 75. Inda take wanzuwa duk shekara, ta tsaya a kashi 68. A nan ne mutane da dama suke kuskuren fahimta, domin ma'anar adadin ita ce zazzaɓi ya ragu da wannan gwargwado idan aka kwatanta rukunan, don haka yaron da aka yi wa allurar yana iya kamuwa, kuma gidan sauro bai rasa muhimmancinsa ba.

Duk wannan ba ya halatta sai da yardar iyaye bayan cikakken bayani, da kuma amincewar kwamitin ɗa'a mai zaman kansa. Takaddamar da ta biyo bayan gwajin maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ta nuna yadda zargin rashin neman izini yake rusa amana shekara da shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da R21 a Oktoban 2023, Nijeriya kuma ta fara amfani da ita a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Sau huɗu ake yin ta, kuma wajibi ne iyaye su kai yaro har ta huɗun, domin kariyar ukun farko tana raguwa da tafiyar lokaci.