MAJEFIN FAIFAI: YADDA AKE KOYON HARBIN ABIN DA KE SAMA DA KWARI DA BAKA

A wannan makon na kawo muku bayani a kan wata 'yar na'ura da za a iya haɗawa da katako da robar tsohon tiyub. Aikinta shi ne ta cilla faifan kwali sama domin mai koyon harbi ya gwada sa'arsa. Na kira ta majefin faifai.

Me ya sa ake buƙatarta?

Baka da kibiya ba baƙin abu ba ne a ƙasar Hausa. Har yau akwai sarautar Sarkin Baka, wato shugaban maharba. A darasin tarihi kuma mun ji cewa a yaƙin Tafkin Kwatto na shekarar 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun dogara ne da 'yan baka wajen tare dawakin Gobir. Yanzu harbin kibiya ya zama wasan motsa jiki. Ana yin sa a gasar Olamfik, inda ake tsayawa nesa da abin harbi har mita 70, kuma 'yan Koriya ta Kudu sun yi fice a cikinsa.

To amma a Olamfik abin harbin a kafe yake wuri guda. Harbin abin da ke tafiya a sama ya fi wuya. Mu yara a nan Dagumawa idan muna so mu gwada hannu, tsuntsaye muke bi da danƙo ko ƙaramin baka. Tsuntsun bai yi mana laifi ba, kuma dutsen da ya kuskure shi ba a san inda zai sauka ba: ko kan akuyar maƙwabta, ko kan ƙaramin yaro. A Turai akwai injin da ake sayarwa mai cilla faifan soso saboda masu wannan wasa, wani kamfanin Faransa mai suna Laporte yana ƙera shi. Mu ba mu da kuɗinsa, amma muna da kafintoci da masu faci.

Kayan da za a tanada

1. Katako marar nauyi mai tsawon santimita 120.
2. Turaku uku masu ƙarfi: biyu dogaye, ɗaya gajere.
3. 'Yar sandar ƙarfe ko dogon noti.
4. Robar tsohon tiyub na babur, a yanka ta tsiri-tsiri.
5. Ɗan gungumen itace da guntun tsohuwar taya.
6. Babbar ƙusa guda ɗaya da igiya mai tsawon mita 12.
7. Tsofaffin kwalaye da gam ko kunun sitati.

Yadda ake haɗawa

Da farko a auna santimita 30 daga bakin katakon, a roƙi kafinta ya huda shi a nan ta gefe. Sai a kafa dogayen turaku biyu a ƙasa kusa da juna, a sa katakon a tsakaninsu, a zura ƙarfen ya ratsa su duka a wajen tsayin santimita 45 daga ƙasa. Yanzu katakon yana lilo, ɓangare ɗaya gajere mai santimita 30, ɗayan dogo mai santimita 90.

A bakin dogon ɓangaren a buga 'yan siraran katakai biyu a jere, a bar tsaga a tsakani. A cikin tsagar nan faifan zai tsaya a kan gefensa, fuskarsa tana kallon maharbi. Kada tsagar ta matse shi, in ba haka ba zai maƙale. Idan kuma aka kwantar da faifan kamar tire, iska za ta tare shi ba zai yi nisa ba.

A bakin gajeren ɓangaren a ɗaura roba tsiri huɗu ko biyar, a ja su ƙasa a ɗaure a gindin gungumen da aka binne rabinsa a ƙarƙashin wurin. A ɗora guntun tayar a kan gungumen. Tsayin gungumen nan yana da muhimmanci ƙwarai: dole ya tsayar da katakon daidai lokacin da ya miƙe a kwance. Idan katakon ya tsaya a kwance, faifan zai tafi sama sak. Idan ya wuce haka, faifan zai karkace ya tafi gefe.

Saura kunama. A kafa gajeren turken kusa da bakin dogon ɓangaren, a huda shi. Idan aka danne katakon ƙasa, sai a zura ƙusar ta hudar ta tokare shi ta sama. A ɗaura doguwar igiyar a kan ƙusar. Da an fizgi igiya, ƙusa ta zare, roba ta ja, faifai ya tashi.

Faifan kuwa, a kifa murfin tukunya mai faɗin kamar santimita 30 a kan kwali a zagaye shi da biro, a yanka guda huɗu, a manna su, a ɗora dutse a kai su kwana. A zana jan da'ira a tsakiya don a riƙa hango shi.

Kimiyyar da ke ciki

Abu biyu muka koya a aji da suke aiki a nan. Na farko, tun da dogon ɓangaren ya ninka gajeren sau uku, duk gudun da roba ta ba gajeren baki, dogon baki zai yi ninkinsa uku. Shi ya sa ƙaramin motsi yake cilla faifai nesa.

Na biyu shi ne sirrin wasan gaba ɗaya. Ƙasa tana jawo duk abin da aka jefa sama, tana rage masa gudu da kusan mita 10 a kowace daƙiƙa. Idan muka ajiye maganar iska a gefe, faifan da zai kai tsayin mita 5 yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya wajen hawa, daƙiƙa ɗaya wajen saukowa. Amma gudunsa ba ɗaya ba ne a duk tafiyar. Mu raba daƙiƙar hawan gida biyar. A kashi na farko faifan yana cin kusan santimita 180. A kashi na ƙarshe kuwa santimita 20 kawai yake ci, bai ma kai faɗin kansa ba. A ƙololuwa sai ya tsaya cak kamar yana tunani, sannan ya fara faɗowa.

Saboda haka mai wayo ba ya bin faifai da kibiya tun daga ƙasa. Yana kallon jifa uku ko huɗu tukuna ba tare da ya harba ba, ya gane inda faifan yake tsayawa. Sai ya ja tsirkiya ya jira, ya saki kibiyar ana dab da isa wurin, don ita ma tana buƙatar lokaci kafin ta kai. A nan majefi ya fi jifan hannu, domin kusan kullum wuri ɗaya yake kai faifan, kuma ba sai wani ya tsaya a gaban baka yana jifa ba.

Irin kibiyar da ta dace

Kibiyar maharba mai ƙarfe a kai ba ta shiga wannan wasa ko kaɗan, balle mai dafi. Kibiyar da aka harba sama sai ta dawo, kuma da kai take dawowa. A samu kyauro ko sillen kara miƙaƙƙe, a yanko robar tsohon silifas a ɗaure ta a bakinsa ta zama dunƙule. A gindinsa a naɗa gashin zabo ko na talotalo da yawa ya yi buzu-buzu. Gashin yana kama iska, sai kibiyar ta yi saurin gajiya ta faɗi kusa. Ba sai ta huda faifan ba, da ta buge shi za a ji ƙara a ga ya juya.

Dokokin da ba a karyawa

Ba a zuwa da baka makaranta, kuma ba a fara wasan sai da izinin iyaye da wani babba a wurin. A nemi gonar da aka riga aka girbe, wadda babu kowa a cikinta har taku 80 a bayan majefin. A nisanci wayar lantarki, da titin Kano zuwa Maiduguri, da burtalin da ake koro shanu zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a. Maharbi ya tsaya taku 10 daga majefin, rana tana bayansa. Mai jan igiya da 'yan kallo duk su tsaya a bayan maharbi. Mutum ɗaya ke harbi a lokaci guda, kuma ba mai zuwa kwaso kibiya sai an ajiye baka a ƙasa. Mai ɗana majefi kada ya sunkuyar da fuskarsa a kan katakon, don idan ƙusa ta kuɓuce haƙora ko ido ne a hanya. Ranar da iskar hunturu ta yi ƙarfi a haƙura, domin takan kwashe faifai da kibiya ta kai su inda ba a nufa ba.

Wanda ya fara kada ya karaya idan ya yi harbi goma bai samu ko ɗaya ba. Ko gefen faifan ka shafa ka ci gaba, Hausawa sun ce harbi ga wutsiya ya fi kuskure. Muna roƙon malamanmu na kimiyya da fasaha su duba ko za a haɗa majefi ɗaya a aji, ko da babu baka, mu riƙa auna lokacin hawa da saukar faifai da agogo mu gani ko lissafin nan ya fita.

Daga wakilin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.