Kogi Ko Tur'a: Inda Yaran Hausawan Jazira Ke Iyo

Duk wanda ya taɓa zuwa Yankari a jihar Bauci ba ya mantawa da Wikki, maɓuɓɓugar nan mai ɗumi da ake hango yashin ƙarƙashinta. A ƙasar Mekziko ma, masu yawon buɗe ido na tururuwa zuwa rijiyoyin dutse na Yukatan don yin ninƙaya. Hausawan Sudan su ma suna da nasu wurin, sai dai nasu ba ya zama dindindin: shekara ce ke kawo shi, shekara ce ke ɗauke shi.

Wurin shi ne Shuɗin Nilu, kogin da ke fitowa daga tafkin Tana a ƙasar Habasha, ya ratsa Damazin da Sinja da Sinnar da Wad Madani, kafin ya haɗu da Farin Nilu a Khartum. A bakinsa ne Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa, bayan yaƙin Burmi na 1903 ya koro jama'arsa gabas. Mahajjatan ƙasa da guzuri ya yanke musu a hanyar Makka su ma suka yi ta zama, har ƙauyukan Hausawa suka jeru a gaɓar kogin da cikin gonakin yankin Jazira.

Kogin yana da fuska biyu. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan saman tsaunukan Habasha ya sauko, yakan cika ya batse, ya yi jajir da laka, yana jan itatuwa da ƙarfin da ko gwanin masunci ba ya wasa da shi. Da rani kuwa sai ya ja da baya, ya tace, farin yashi ya bayyana a gefe da tsakiya, musamman daga ƙasan madatsar Sinnar zuwa Wad Madani. Manoma su dasa kayan lambu a danshin gaɓa, mata su kawo wanki, yara kuma su mayar da tudun yashin filin wasa, suna faɗawa ruwa suna fitowa har la'asar. Kogin Dindir, reshen Shuɗin Nilu, ya fi wannan ban mamaki: da rani gudunsa na tsayawa cak, ya bar kududdufai jefi-jefi a cikin yashi. Amma a dajin Dindir da aka keɓe tun 1935, waɗannan kududdufai mashayar namun daji ce, kuma akwai kada.

Matsalar ita ce yawancin yaran Jazira ba kusa da kogi suke ba. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin da yau suka haura faddan (ma'aunin gona) miliyan 2. Ma'aikatan gona, ciki har da Hausawa da yawa, suna zaune a unguwannin da ake kira kambo, a bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, galibi ba famfo ba wadataccen makewayi. Ruwan tur'a a kwance yake, ba igiya, ba zurfi sosai, shi ya sa uwa takan fi samun kwanciyar hankali in ɗanta yana can.

Nan ne kuwa tsargiya take, ciwon da wata tsutsa ke jawowa. Mai ciwon yakan zubar da ƙwan tsutsar a fitsari ko bayan gida. In ƙwan ya shiga ruwa sai ya ƙyanƙyashe, ya nemi wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyawar tur'a, ya hayayyafa a cikinta. Daga nan dubban 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara ruwa. Bayan makonni sai a ga jini a fitsari, ko ciwon ciki, in ya daɗe kuma ya taɓa hanta da mafitsara. Katantanwar ba ta jure ruwa mai ƙarfin gudu, saboda haka ƙananan magudanai masu ciyawa sun fi tsakiyar kogi haɗari ta wannan fuska.

An taɓa cin ƙarfin cutar. Shirin lafiya na Shuɗin Nilu da aka fara a 1979 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya haɗa rabon maganin praziquantel da kashe katantanwa da samar da ruwa mai tsafta, kuma yawan masu ciwon ya ragu ƙwarai. Da shirin ya ƙare, cutar ta sake ɗago kai, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya durƙusar da asibitocin Jazira da Sinnar.

Kogin kansa yana canzawa. Babbar madatsar Habasha da aka fara cikawa a 2020 tana riƙe laka, tana rage ambaliyar damina, tana ƙara ruwan rani, abin da zai iya rage tudun yashin da aka saba gani. Yayin da jama'ar da yaƙin ya kora ke komawa gidajensu, yaran kambo na buƙatar famfo da makewayi da maganin tsargiya a makarantu, domin zafin Afrilu a Jazira yakan wuce digiri 40, kuma ba mai iya hana su shiga ruwa.