Me Ke Riƙe Yara A Wasan Takobi Na Gem?

 Kamar yadda muka saba, abin da muka faɗa ta rediyo shi muke bugawa a nan, don wanda gona ko kasuwa ta riƙe bai samu ji ba ya karanta, ko ya sa a karanta masa.

Tambayar wannan mako sau uku ta zo mana. Wani manomi daga ƙasar Gagarawa ya ce ɗansa mai shekara 14 ba shi da zance sai na wani wasan sara da takobi da ake yi a waya, har yakan makara zuwa gona. Wani mai shago a Maigatari ya ce yaron shagonsa da an tashi kasuwa ran Alhamis sai gidan gem, abin da ya samu a yinin nan can zai ƙare. Sai wata baiwar Allah daga Sule Tankarkar da ke tambaya ko wannan wasa ba zai mayar mata da ɗa ɗan daba ba. Dukansu abu ɗaya suke son sani: mene ne a cikin wasan nan da yake riƙe yara haka?

To, madalla da waɗannan tambayoyi. Ga wanda bai taɓa gani ba, gem wasa ne da ake yi da na'ura. Ga hoton jarumi a talabijin ko a fuskar waya, kai kuma kana riƙe da abin latsawa. Ka latsa nan ya yi tsalle, ka latsa can ya kai sara, ka latsa wancan ya kare. A fim kai ɗan kallo ne. A gem kai ne jarumin, in ka yi sake kai za a sara.

Wasannin takobi sun daɗe a duniya. A 1989 wani Ba'amurke, Jordan Mechner, ya fitar da Prince of Persia. Ƙanensa ya ɗauka a hoton bidiyo yana gudu da tsalle, ya bi hoton yana zanawa, shi ya sa motsin ya yi kama da na mutum sosai. A 1993 kamfanin SNK na Japan ya fitar da Samurai Shodown. A 2005 kamfanin Sony ya fitar da God of War a kan PlayStation 2, na'urar da aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, wadda tsofaffinta suka yi ta shigowa gidajen gem na garuruwanmu. Yanzu kuma waya ta kawo abin har ƙauye, da irin su Shadow Fight.

Amma Malam na Gagarawa, kafin mu ɗora wa baƙi laifi, mu tuna son takobi ba baƙo ba ne a ƙasar Lautai. An kafa masarautar Gumel wajen 1750, kuma a ƙarni na 19 ta sha gwabzawa da Haɗeja da Kano da Damagaram. Da takobi da mashi da doki aka tsare garin. Har gobe ran hawan salla in mahaya suka zaro takubba suka kawo jahi, duba fuskokin yara ka gani. Kai kanka da kana yaro ai ka hau dokin kara, ka feƙe wani karan ka ce takobinka ne. Da aka buga littafin Ganɗoki na Bello Kagara a 1934, labarin jarumi mai takobi ne ya sa 'yan makaranta suka riƙe shi. Ga 'yan tauri, ga 'yan dambe. Ashe ƙishirwar tsohuwa ce, kwaryar shan ruwan ce sabuwa.

Sai dai sabuwar kwaryar an sassaƙa ta da dabara. Ga abubuwa huɗu da masu ƙera wasannin suka ƙware a kai.

Na farko, amsa nan take. Na'urar tana sake zana hoton sau 30 ko sau 60 a cikin sakan ɗaya. Mutum kuwa, daga ganin abu zuwa motsa yatsa yakan ɗauki kamar kashi ɗaya cikin huɗu na sakan. Wato kafin yaro ya ɗaga yatsa daga maɓalli, takobin ya riga ya sauka. In ya sauka kuma sai su tsayar da hoton na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, su girgiza shi, su sa ƙarar ƙarfe, abin latsawar ma ya yi rawa a hannu. Duk don yaro ya ji a jikinsa cewa shi ne ya yi saran.

Na biyu, ƙwarewa. Wanda ke kallo daga nesa zai zaci latse-latse ne kawai. Ba haka ba ne. Ku dubi dambe: hannun da aka naɗe shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa, kuma gwani shi ne mai karanta kafaɗar abokin karawa ya san lokacin da naushi zai taho. Haka wasan takobi yake. Akwai wani mai suna Sekiro da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2019, wanda ya yi suna wajen wuya. A cikinsa ba yawan sara ke ba da nasara ba, sai kare sara daidai lokacin da ya iso. Kowane abokin gaba da salonsa, sai an haddace shi kamar yadda mai rawa ke haddace kiɗa. Yaro zai fāɗi sau ashirin a hannun mutum ɗaya, ran da ya kayar da shi ya san ba sa'a ba ce, hannunsa ne ya faɗa.

Na uku, fāɗuwa ba ta da tsada. Ɗan damben da aka kayar a fili zai kwana da kumburi, ga kunya gaban jama'a. A gem in an kashe ka, bayan 'yan sakan ka tashi garau ka sake. Shi ya sa kalmar da iyaye suka fi ji ita ce, "Bari in ƙara sau ɗaya."

Na huɗu, sun iya auna wahala. Abokin gaba na farko mai sauƙi ne, na biyu ya ɗan ɗara shi, haka har sama, kamar matakalar bene. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa in aiki bai yi sauƙin da zai gundure ka ba, bai kuma yi wuyar da za ka fid da rai ba, mutum yakan nutse a ciki ya manta da lokaci. Mai ɗinkin hula ya san wannan, masaƙi ma ya sani. A 1998 masu bincike a Landan sun auna ƙwaƙwalwar masu buga gem, suka ga tana fitar da wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke sa mutum ya so maimaita abin da ya ba shi nasara.

Yanzu Malam, aza wannan kusa da gonarka. Ka shuka gero, sai ka jira wata biyu da rabi ko uku. Riɗi wata uku ko fiye. Mai turke zai yi watanni yana zuba dusa da harawa kafin ya kai sa kasuwar Maigatari. Kuma bayan duk wahalar, ruwa na iya ɗaukewa, tsutsa na iya sauka, farashi na iya karyewa. A gem kuwa, gwargwadon ƙoƙarinka gwargwadon sakamakonka, kuma yanzu-yanzu, ga abokai a bayanka suna shewa. Babba ya san mai haƙuri yakan dafa dutse. Yaro ɗan shekara 14 bai ga romon ba tukuna. Yawancin yaran nan ba jinin da ke cikin wasan suke bi ba. Suna bin wurin da za a ce musu sun iya, kuma a faɗa musu nan take.

Sai tambayarki, baiwar Allah ta Sule Tankarkar. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta sake duba binciken da aka tara, ta ce akwai 'yar alaƙa tsakanin wasannin faɗa da zafin rai irin na tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar cewa su ke sa mutum aikata ta'asa. Daba kuwa ta girmi gem a Kano nesa ba kusa ba, kuma an san abin da ke ciyar da ita: zaman banza, shaye-shaye, mugayen abokai, da 'yan siyasar da ke ba da kuɗi. Saboda haka ki fi sa ido kan waɗanda yake zama da su a gidan gem da abin da ake sha a wurin. Akwai ma ɗan amfani: a 2003 masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka sun gano masu buga wasanni masu sauri sun fi saurin lura da abubuwa da yawa a lokaci guda. Amma wannan ba ya cika rumbu, ba ya kuma cin jarrabawa.

Duk da haka ba kowane wasa ya dace da yaro ba, kuma masu yin su ma sun yarda. Bayan hayaniyar da aka yi kan zubar da jini a wasan Mortal Kombat na 1992, Amurka ta kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a kan kowane wasa a 1994. Turai ta kawo nata a 2003, mai lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. God of War da Sekiro duk 18 aka rubuta musu, kuma na farkon har da tsiraici a wasu wurare. A waya ma ana nuna lambar kafin a sauke wasa. Ko ba ki iya karatun boko ba, lamba ba ta ɓuya. Ki sa a nuna miki.

Haɗarin da ya fi kusa da gidajenmu biyu ne: lokaci da kuɗi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, jerin kuma ya fara aiki a 2022. Alamu uku ta ba da: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba alhali yana ganin ɓarnar, har abin ya kai kamar shekara guda. Ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kaiwa nan. Yaron da ke wasa amma yana salla, yana makaranta, yana aikinsa, yana barci, ba mara lafiya ba ne.

Batun kuɗi kuwa, Alhaji na Maigatari, kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a kyauta a kasuwa. Wasan wayar da aka ce kyauta ne, da talla yake ci, yana shan data, sannan in yaro ya kai inda ya cije sai a yi masa tayin takobi mafi kaifi da kuɗin gaske. Wasu ma akwati suke sayarwa a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Ƙasar Beljiyam ta ce wannan caca ce tun 2018. Ƙasar Sin kuma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. In gwamnatoci sun ga ya kamata a sa iyaka, uba ya fi su hakki.

Ga shawararmu. Kada a fara da bulala ko fasa waya, don yaro zai koma yi a ɓoye. Zauna ka kalla sau ɗaya, ka ce ya nuna maka yadda ake karewa, daga nan za ka san irin wasan da yake yi. Sannan ku yanka lokaci: bayan gona, bayan makaranta, ba da dare ba. Da damina a rage, da rani a ɗan sassauta. Kada a bar katin banki ko lambar sirri a wayar da yaro ke wasa da ita. Alhaji, ka yi shawara da yaronka ka riƙa ajiye masa wani kaso na kuɗin Alhamis, ko ka sa shi adashi, ran da ya ɗauka zai ga abin da gidan gem ke cinye masa.

Abu na ƙarshe, ku ari dabarar masu gem ɗin. Ku ba yaro aikin da ke amsawa da wuri, wanda kuma nasa ne na kansa: 'yar fadama ta alayyafo da za a yanka cikin wata guda da 'yan kwanaki, ko kaji, ko akuya, ko ɗan tire a bakin shago, ribar ta shiga aljihunsa. In ya yi kunya mai kyau a gona, a faɗa masa a ranar, gaban 'yan uwansa, kada a jira kaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da fatan mun gamsar da ku. Masu tambaya kan farashin taki da maganin ƙwarin wake, ku tara mu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka. Mu kwana lafiya.